Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Gyaran Kwamfuta a Madina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya tare da iyali da ma'aikatanku, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku, kuma domin 'yan uwana ɗalibai da ke Jami'ar Musulunci ta Madina su san irin mutanen da za su tarar idan larura ta kai su shagonku.

A wannan zangon muna ɗaukar darasin koyon na'ura a tsangayar kwamfuta, wato fannin da ake horar da kwamfuta ta tsamo tsari daga cikin bayanai maimakon a rubuta mata dokoki ɗaya bayan ɗaya. Jarrabawar tsakiyar zango ta wannan darasi ba ta ciyuwa da karatun littafi kaɗai. Sai ɗalibi ya zauna gaban allo ya ga yadda kuskuren na'ura ke raguwa a kowane zagaye na horo, ya ga yadda lissafin ke tarwatsewa idan takun gyara, wato girman canjin da na'ura ke yi wa kanta a kowane zagaye, ya yi faɗi da yawa, da yadda yake jan ƙafa idan takun ya yi ƙanƙanta. Duk atisayen da na yi da harshen kwamfuta na Python da kayan aikinsa na koyon na'ura mai suna scikit-learn yana cikin kwamfutata, tun daga bayanan furannin Iris guda 150 masu jinsi uku, waɗanda Ronald Fisher ya yi amfani da su a 1936, har zuwa hotunan MNIST guda 70,000 na lambobin da aka rubuta da hannu, inda ake horarwa da 60,000 a yi gwaji da 10,000. A gefen kowane aiki na rubuta wa kaina bayanin abin da ya faru da dalilinsa, kuma da waɗannan bayanan nake shirin yin bita.

Ana cikin makon bita kwamfutar ta mutu, ta ƙi tashi sam. Da na kawo ta, yaronku bai fara da maganar kuɗi ba, sai ya tambaye ni abin da na fi bukata a cikinta. Ya kwance bayanta a gabana, ya nuna mini ƙurar da ta toshe fanka har ta dunƙule, ya ce zafin barin ta tana aiki na tsawon sa'o'i babu iska shi ya taɓa wani ɓangare na allon cikinta. Daga nan ya zare ma'ajiyar bayanan, ya jona ta da wata kwamfutar, ya juya allon ya fuskance ni, ya ce in zaɓi abin da za a kwafa da hannuna domin shi ba ya leƙa abin da ba nasa ba. Wanda ya taɓa kai waya ko kwamfuta gyara ya san cewa wannan ɗabi'a ba a ko'ina ake samun ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin da kuka yanke da kanku da kuka ji cewa kayan gyaran ba za su iso kafin jarrabawa ba. Kuka sa aka ɗauko wata tsohuwar kwamfuta ta shago aka ba ni aro, ba tare da jingina ba, kuka kuma ce kuɗin aiki ya jira har a biya mu mukafa'a, wato kuɗin tallafin da jami'a ke ba ɗalibai duk wata. Yaronku ya tsaya bayan sallar isha'i sai da ya tabbatar Jupyter, manhajar da nake rubuta ayyukana a ciki, ya buɗe kuma ayyukana suna gudana.

A kan wannan kwamfutar ta aro na gama fahimtar batun da ya fi ba ni wuya, wato yadda na'ura kan haddace bayanan horo har ta ci kusan duka, amma ta kasa idan aka kawo mata sababbi, tamkar ɗalibin da ya haddace amsoshin bara ya tarar an sauya tambayoyi. Na sake raba bayanan kashi biyar, ina horarwa da huɗu ina gwadawa da ɗaya bi da bi, na kuma rage zurfin bishiyar yanke hukunci, wato jerin tambayoyin da na'ura ke bi kafin ta ba da amsa, har na ga tazarar da ke tsakanin makin horo da na gwaji ta ragu. Tambaya a kan wannan batu ta fito a jarrabawa, kuma na amsa ta da abin da na gani da idona.

Kun gaya mini cewa kakanninku ta Sudan suka biyo zuwa aikin hajji suka zauna a nan, kuma Hausar da kuka yi mini ta rage mini kewar gida a makon da hankalina yake tashe. Na dawo da kwamfutar aro, na karɓi tawa tana aiki lafiya, na kuma biya abin da ke kaina.

Allah Ya sanya albarka a kasuwarku, Ya jiƙan magabatanku, Ya saka wa yaronku da alheri.

Wassalam,
Ɗanku, ɗalibi daga Katsina