Na raba maigidana da lemon kwalba, sai na gano zoɓona ma sukari ne

Assalamu alaikum, Anti. Ina fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Na daɗe ina sauraron shirinki ina ƙaruwa da matsalolin wasu, yau ga tawa na kawo.

Ni matar aure ce, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, yaranmu huɗu. Maigidana yana da shagon yadi a babbar kasuwa. Ni kuma ina da firiza a gida, ina sayar da ƙanƙara da ruwan leda da lemon kwalba da zoɓo. Da wannan nake yi wa yara sabulu da kuɗin Islamiyya, har in ɗan yi adashi.

Kin san zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40, mutum ya dawo daga kasuwa maƙogwaro a bushe kamar ya haɗiyi rairayi. A haka maigidana ya saba da lemo. Ɗaya da hantsi, ɗaya bayan Azahar tare da abinci, ɗaya in ya shigo gida, kuma ni ce mai miƙa masa da hannuna ina ganin kyautatawa nake yi. Da azumi kuwa, daga dabino sai lemo mai sanyi.

Bayan Sallah ya je asibiti a duba masa hawan jini, suka haɗa da gwajin suga kafin ya karya kumallo. Ya fito 6.5. Likita ya ce ciwon suga daga 7 ake lissafa shi, don haka bai shiga ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Anti, mahaifinsa da wannan ciwo ya rasu, bayan an yanke masa ƙafa. Ni na yi jinyarsa tare da surukata, na san warin miki da ba ya warkewa. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari babbar 'yata, wadda ke aji biyar na sakandare, ta ɗauko robar lemo ta karanta mini rubutun da ke jikinta. Sukarin da ke cikin robar mai rabin lita ya kai wajen giram 50, wato kusan ƙaramin cokali 12. Ta ce an koya musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin wannan adadin, kuma in ya tsaya a cokali 6 ya fi. Ashe roba ɗaya ta cinye rabon yini guda, shi kuwa uku yake sha, ban da shayin safe.

Na roƙe shi, ya kuma ji. Ya bar lemo, na koma ba shi zoɓon da nake haɗawa da citta da kanumfari, hankalina ya kwanta. Wata biyu muna haka. Ran nan ina haɗa na sayarwa yarinyar nan tana zaune, ta ga na juye ledar sukari mai kilo ɗaya cikin bokitin da ke cin lita 10. Ta ɗauki biro ta yi lissafi, ta ce, "Mama, ai wannan daidai yake da na kwalba." Jikina ya yi sanyi. Na ɗauka tunda da hannuna na dafa, daga ganyen da muka sani tun kakanni, to lafiyayye ne. Kunun zaki da kunun aya da tsamiyar da nake yi duk haka nake zuba musu, ban taɓa aunawa ba.

Na rage sukarin zuwa rabi. Ya kurɓa ya ajiye kofin, ya ce, "Wanga zoɓo ne ko magani?" Yara suka ƙi sha. Masu saye kuma suka koma gidan maƙwabciyata, ran nan fiye da rabin robobin suka kwana, ga rashin wuta, da safe na zubar. Kunun aya ma ya fi saurin lalacewa, a zafin nan ba ya yini in babu sanyi. Yanzu na fara zargin yana shan lemon a kasuwa, don na ga marfin roba a aljihun rigarsa lokacin wanki. Ban yi masa magana ba. Ba na son ya ga kamar ina bin diddiginsa, mutum ne mai kunya da zuciya.

Sai kuma maganar baƙi. Surukata, Allah Ya ƙara mata lafiya, ta zo da ƙawayenta na kawo musu ruwan sanyi da yankakkiyar kankana. Bayan sun tafi ta kira ni gefe ta ce baƙonka annabinka, ba a tarbar manya da ruwa kamar gidan da ake zaman makoki. Ban ce komai ba. Na san ba mugunta ba ce, haka aka saba: suna, biki, walima, in ba a jera kiret ba sai a ce an yi rowa. Amma ita da kanta ta ga abin da ciwon nan ya yi wa mijinta, kuma na rasa bakin da zan tuna mata ba tare da na fama mata ciwo ba.

Don Allah, Anti, in da hali ki gayyato mana likita ko masanin abinci. Ina so in san me zan ba maigidana da zai kashe masa ƙishirwa kuma ya ji daɗinsa. Wata ta ce in sa dabino ko abarba a zoɓo maimakon sukari, wata ta ce zuma, sai 'yata ta ce zuma ma cikin sukari ake lissafa ta, haka ruwan lemon zaƙi in an matse shi. Fura da nono ba tare da sukari ba fa, ta dace da mai irin matsalarsa, kuma kamar yaya yawanta? Lemon da ake rubuta wa babu sukari, da na malt da ake kai wa marasa lafiya, yaya matsayinsu? Na kuma ji ana cewa zoɓo yana sauke hawan jini, shi kuwa yana shan magani, ko haɗa su na da illa? In rage sukarin a hankali ne har harshe ya saba, ko in yanke lokaci ɗaya?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sana'ar. Na hana 'ya'yana lemo, amma kullum da yamma 'ya'yan maƙwabta suna sallama da kuɗinsu a hannu, ina buɗe firiza ina ba su. In na daina, ban san da me zan riƙe kaina ba. In na ci gaba, zuciyata ba ta natsu ba. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba, kuma ki koya mini yadda zan tada maganar marfin robar nan da maigidana.

Don Allah a sakaya sunana.

Taki,
Mai sauraronki daga Mabera, Sakkwato.