Kukan injin busar da kaya: a duba boris

Malam Edita,

Ina son jan hankalin masu wanki da guga. Idan injin busar da kaya ya fara ƙara ko gurnani, sau da yawa boris ɗin bayan gangar da ake zuba kaya a ciki ne ya cinye, wato abin da gangar ke juyawa a kansa, kuma lodin jiƙaƙƙun kaya fiye da kima na cikin abubuwan da ke jawo haka.

A zare wuta tukuna. A buɗe sama da gaba, a ɗauki hoton yadda bel ya zagaya kafin a sassauta shi, sannan a ciro gangar. A sa sabon boris mai lamba ɗaya da tsohon, a shafa giris mai jure zafi. Na gama-gari narkewa yake, ya ɓata tufafin mutane. Idan sandar da ke shiga cikin boris ɗin ta zaizaye, sabon ma ba zai daɗe ba, ita ma a canja ta. A juya gangar da hannu kafin a mayar da wuta.

Naku,
Wani mai gyara, Kano