Zuwa ga kamfanin da ya shimfiɗa min katako a kan tudu da kwari

Assalamu alaikum.

Ina rubuto muku ne saboda abin da ma'aikacinku ya faɗa min ranar 12 ga watan jiya, ƙarfe 4:40 na yamma. Ya ce: "Ya Hajji, ƙasar gidanka ce karkatacciya, mu katako muka sayar maka." Ya kashe waya a kunnena. Tun daga ranar babu wanda ya sake ɗauka.

To ku buɗe rasiɗinku. Riyal 6,417 na biya har da harajin kashi 15, kuma a ciki akwai layi guda na riyal 1,500 da kuka rubuta da hannunku: daidaita daɓe. Wane daɓe kuka daidaita? Ban ga an goge tudu da inji ba, ban ga buhu ko ɗaya na simintin ruwan nan mai bin ƙasa ya kwanta daidai ba. Yaranku sun share ƙura, suka ninka soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin katako biyu a inda ya lotsa, suka jera katako kafin Magariba. Soso ba ya cike rami, lanƙwashewa yake yi a ƙarƙashin ƙafa har haƙoran da ke haɗa katako da katako su karye, kuma kun fi ni sanin haka.

Na kira wani magini ɗan unguwarmu nan Rusaifa, ya ɗaga layi uku ya ɗora sandar aluminiyam mai mita 2. Tazarar da aka saba yarda da ita tsakanin sandar da ƙasa ba ta wuce milimita 3 ba. A tsakiyar falo mun samu 11, yatsana ya shige ƙarƙashin sandar. Jikin bango ma ba ku bar 'yar tazarar da katako ke buɗewa ba, ga shi ya tashi a bakin ƙofa. Nan mahaifiyata ke bi da sandarta in za ta yi alwalar Asuba, yanzu sai an riƙe ta.

Abin da nake nema: ku kwashe katakon, ku daidaita ƙasa, ku bari ta bushe, ku sa sabo, ko ku maido min kuɗina cif. Wallahi ban yarda kuskure ba ne. Gidaje biyu na makwabta kun yi musu haka. Kuna karɓar kuɗin aikin da katako zai rufe, kuna ganin baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ba zai kai ƙara ba. In mako ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kira 1900 in shigar da ƙara a Ma'aikatar Kasuwanci, da rasiɗi da hotuna.

Wassalam,
Mai gidan da ke Rusaifa, Makka