Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke tura direbobi aiki Saudiyya

Zuwa ga Shugaban Kamfani,
Kano.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan tallar da kamfaninku yake yaɗawa a rediyo da WhatsApp, wadda ke cewa ana neman direbobin kamfani a Riyad da Jidda, albashi riyal 1,500 a wata, ga masauki ga abinci. Iyalan wasu daga cikin waɗanda kuka riga kuka tura sun kawo mana kwafin bizarsu da hoton igamarsu (katin izinin zama a Saudiyya) da rasit ɗin kuɗin da suka biya. Abin da ke cikin takardun nan daban, abin da ake faɗa a talla daban. Ba mu ambaci sunan kamfanin ba a wannan karon don gyara muke nema, amma kun san da ku ake.

Babban ƙorafinmu shi ne irin bizar da kuke ba mutane. A kowace bizar aiki ta Saudiyya akwai layuka biyu da suka fi komai muhimmanci: sana'ar da aka rubuta, da sunan kafili, wato wanda ya ɗauki mutum aiki kuma bizar take ƙarƙashinsa. A takardun da muka duba, a wajen sana'a an rubuta "sa'iƙ khas" da Larabci, wato direban gida. A wajen kafili kuwa sunan mutum ɗaya ne, wane ɗan wane, ba sunan kamfani ba. Ko lambar kafilin ma ta isa shaida, domin lambar katin ɗan ƙasar Saudiyya da 1 take farawa, ta kamfani ko ma'aikata kuma da 7. Ma'aikatanku sun san wannan sarai. Direban da ya sayar da gonarsa a Ɗambatta ko Gumel ne bai sani ba, tunda bai iya karanta rubutun ba, kuma galibi ba a miƙa masa fasfo ɗinsa sai a harabar filin jirgin Malam Aminu Kano, ana saura 'yan awanni a tashi.

Wannan layi ɗaya na sana'a shi ke yanke yadda zaman mutum zai kasance. A dokar Saudiyya direban gida yana rukuni ɗaya ne da 'yar aikin gida da mai dafa abinci da mai kula da lambu, kuma dokar ƙwadago ta ƙasar ta cire wannan rukuni daga cikinta. Ma'aikacin kamfani yana da awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan azumi Musulmi awa 6 yake yi. Idan ya wuce haka, za a biya shi kuɗin awar tare da ƙarin rabi. Yana da hutun kwana 21 a shekara, ya koma 30 bayan shekara 5. Idan ya gama aiki akwai kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin 5 na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Kwantiraginsa yana kan manhajar Qiwa, inda zai iya buɗewa ya karanta kafin ya amince. Gyaran da gwamnatin Saudiyya ta fara aiki da shi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba, shi ma na ma'aikatan kamfani ne.

Direban gida ba ya cikin duk wannan. Nasa tsarin ta Musaned yake bi, manhajar gwamnati ta ɗaukar ma'aikatan gida, kuma ƙa'idar ma'aikatan gida da ta fara aiki a 2024 ta ba shi awa 10 na aiki a rana, kwana ɗaya na hutu a mako, hutun wata ɗaya sai bayan shekara 2, kuɗin sallama kuma albashin wata ɗaya sai ya cika shekara 4. Ba mu ce aikin direban gida haramun ba ne ko abin kunya. Akwai masu yinsa cikin rufin asiri, suna ciyar da gidajensu. Sai dai wanda zai yi shi ya kamata ya san shi zai yi: kai yara makaranta da sassafe, jiran uwargida a ƙofar kanti har tsakar dare, wankin mota, wani lokaci har da ban ruwan shuke-shuke. Ku kuwa kun sa mutane cinikin biri a sama.

Mun san dalilin da ya sa dillalai suka fi son wannan biza. Kamfanin Saudiyya da ya ɗauki baƙo yana biyan harajin riyal 700 zuwa 800 kowane wata a kan ma'aikaci ɗaya, ban da kuɗin igama da inshorar lafiya. Magidanci da ya ɗauki direba ɗaya ba ya biyan wannan harajin. Saboda haka bizar gida ta fi araha kuma ta fi sauƙin samu, sai a sayo ta a wurin wanda ba ya ma bukatar direban, a kawo ta Kano a sayar da sunan bizar kamfani.

A nan ne abin da ma'aikatanku ke kira "biza firi" ya shigo, kuma shi ne mafi muni. Ana gaya wa mutum cewa idan ya sauka kafilinsa ba ruwansa da shi, ya je ya nemi aikin da ya ga dama, ya riƙa ba kafilin ɗan wani abu duk wata. Babu biza mai wannan suna a dokar Saudiyya. Doka ta hana baƙo yi wa wani aiki in ba kafilinsa ba, ta kuma hana shi yin aikin kansa. Wanda aka kama yana iya fuskantar tara har riyal 50,000, ɗaurin da zai iya kai wata 6, sannan a kore shi daga ƙasar. Kafin ma a kai ga kamu, wuƙa da nama suna hannun kafili. Shi kaɗai ke iya sabunta igama ta manhajar gwamnati ta Absher. Idan lokaci ya yi sai ya faɗi kuɗin da ya ga dama, in mutum ya yi gardama ya shigar da rahoton hurub, ya ce yaronsa ya gudu. Daga nan mutum na iya zama ba shi da takarda, ya kasa fita ta filin jirgi kamar kowa, kuma duk shingen 'yan sanda da ya ci karo da shi zai iya kai shi tarhil, wato cibiyar tsare waɗanda za a kora, irin ta Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. An riga an ɗauki zanen yatsunsa tun ranar da ya sauka, don haka sauya fasfo ba ya goge komai, kuma ana hana wanda aka kora sake shiga na shekaru.

Sai batun kuɗin da kuke karɓa. Rasit ɗin da muka gani an rubuta "kuɗin aiki" kawai, babu bayanin me da me. Sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na igama da izinin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida bayan an gama kwantiragi. A tsarin Musaned ma kafili ne ke biyan ofishin da ya kawo masa ma'aikaci, shi ke biyan riyal 2,000 na fitar da bizar. A nan gida, Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2023, wadda asalin hukuncinta shi ne kada kamfanin samar da aiki ya caji ma'aikaci. To kuɗin me kuke karɓa? Idan kafili ya biya ku kuma kun karɓa a hannun direba, kun ci sau biyu ke nan. Idan kafili bai biya komai ba, to ba aiki kuka samo ba, biza kuka sayo. Abin da za a iya cewa ya hau kan matafiyi a bayyane yake: fasfo, takardar shaidar 'yan sanda, katin rigakafin shawara, da gwajin lafiya. Kowannensu yana da farashinsa da rasit ɗinsa.

Gwajin lafiyar ma akwai magana a kansa. Ana duba cutar ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka ta hoton ƙirji, kuma ana sake gwajin a can kafin a ba da igama. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Hankali ya ce a fara da gwaji, wanda ya tsallake sannan a yi maganar kuɗi. Ku kuna karɓar rabin kuɗi tukuna, idan sakamako ya fito ba daɗi ku ce an riga an tura kuɗin Saudiyya. Mun kuma ji ana cewa wani ma'aikacinku na iya "gyara" sakamako. In haka ne, wanda aka gyara wa zai faɗi a gwajin can, a sa shi a jirgi ya dawo hannu Rabbana, ga bashi.

Lissafin albashin da kuke yi wa mutane a ofis da kalkuleta shi ma yaudara ce, ko da kowane adadi a cikinsa gaskiya ne. Kuna ɗaukar 1,500 ku ninka da farashin riyal a kasuwar canji ta Wapa, ku juya wa mutum fuskar kalkuletar ya gani. Ba ku gaya masa cewa Saudiyya ba ta da mafi ƙarancin albashi na doka ga baƙi, riyal 4,000 da ake ji ana faɗa na 'yan ƙasa ne, don haka abin da aka rubuta a kwantiragi shi ne kawai hujjarsa. A kwantiragin da muka gani an rubuta 1,000, da 200 na abinci. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, wato duka-duka dala 320 ke nan. Riyal 200 a wata bai kai riyal 7 a rana ba, a ƙasar da ake ɗora harajin kashi 15 cikin 100 a kan kayan masarufi tun 2020. Dole ya taɓa albashin ya ci abinci, ya sa kati da data a waya, ya sayi sabulu, ya biya kuɗin tura kuɗi gida. A ce mutum ya biya ku abin da ya kai dala 1,500, wato riyal 5,625, kuma ya matse bakin aljihu yana aje 600 duk wata. Sai ya haura wata 9 kafin ya mayar da uwar kuɗin, iyalinsa ba su ga ko sisi ba. Wannan in ana biyansa a kan lokaci ke nan, kuma in bai gamu da tara ba. Kyamarorin Saher da ke kama masu karya dokar hanya ba sa jin magiya, ƙetare jar danja kaɗai riyal 3,000 ne zuwa 6,000, kuma wasu masu gida daga albashin direba suke cirewa. Ba ku kuma gaya wa kowa cewa sai ya samu lasisin tuƙi na Saudiyya ba, balle a yi maganar wa zai biya kuɗin makarantar tuƙin.

Alkawarin "bayan shekara ka ɗauko iyalinka" kuwa ku daina shi. Sana'ar direban gida ba ta cikin waɗanda ake ba izinin zama da iyali, kuma waɗanda ake ba ma suna biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya.

Akwai kuma zancen mata, wanda za mu taƙaita don ya fi ƙarfin wasiƙa. An shaida mana cewa ta ƙofar baya kuna shirya wa mata tafiya aikatau da bizar Umara. Bizar Umara ba ta halatta aiki, kuma ba a mayar da ita igama. Ranar da wa'adinta ya ƙare matar ta zama 'yar ɓoye, ba asibiti, ba kotu, ba inda za ta kai kuka idan aka hana ta haƙƙinta. Wannan hurumin hukumar NAPTIP ne, ƙarƙashin dokar hana fataucin mutane ta 2015, kuma can za mu miƙa abin da ke hannunmu.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. Ku liƙa lasisinku na ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasashen waje a bangon ofis, wanda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa, domin rajistar kamfani da lasisin sayar da tikitin jirgi ba sa maye gurbinsa. Kafin ku karɓi ko naira ɗaya, ku ba mutum kwafin kwantiragi da fassarar Hausa ya tafi da shi gida ya kwana biyu yana dubawa, a ciki a ga sana'a, sunan kafili, gari, asalin albashi daban da kuɗin abinci, da wanda zai biya tara da lasisi. Fasfo ya koma hannun mai shi da zarar biza ta fito. Ku kuma gaya masa cewa a can ma doka ta hana kafili riƙe fasfo ɗinsa, ku rubuta masa lambar Ma'aikatar Ƙwadagon Saudiyya, 19911, da ta ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishin da ke Jidda. Ya san cewa kafili na da kwana 90 ne ya fitar masa da igama, kuma idan aka yi wata 3 a jere ba a biya shi ba yana da damar neman a mayar da shi wani wurin, ta hanyar kai ƙara, ba ta hanyar barin gidan a ɓoye ba.

Waɗanda suka riga suka tafi kuma, muna so ku tuntuɓi abokan hulɗarku na can a daidaita albashinsu da abin da kuka yi talla, ko a dawo da wanda yake son dawowa da kuɗinku. Waɗanda suka faɗi gwajin lafiya a mayar musu da kuɗinsu, a cire na gwajin kawai. Tallar da ke cewa "direban kamfani" a dakatar da ita daga yau.

Muna jiran amsarku a rubuce cikin kwana 21. Idan wa'adin ya cika ba mu ji komai ba, za mu kai kwafin bizojin da rasit ɗin ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, da NAPTIP, da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, a wannan karon da sunan kamfanin a rubuce.

Wassalam.

Mu ne,
Wasu masu duba takardun 'yan ci-rani, a madadin iyalan direbobin da abin ya shafa.