Masana tattalin arziki, me zai faru ku yarda kun yi kuskure?

Edita,

Assalamu alaikum. Shekara 22 na yi ina koyar da darasin tattalin arziki a sakandare kafin in yi ritaya, kuma akwai tambayar da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya.

Masanin falsafar kimiyya Karl Popper ya ce ra'ayi bai cancanci sunan kimiyya ba sai ya fayyace abin da, in ya faru, ya ƙaryata shi. Shi kuwa masanin tattalin arziki Milton Friedman, a 1953, cewa ya yi kada a tsaya binciken ko zaton da aka gina ra'ayi a kansa gaskiya ne, hasashensa za a duba. To madalla, mu duba hasashen.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tsarin tattalin arziki da ake kira SAP. Aka ce in an karya darajar naira kayanmu za su samu kasuwa a waje, masana'antu su farfaɗo. Muna ji muna gani masaƙun Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi masu ra'ayin, sai su ce ba a aiwatar da shirin daidai ba ne. Haka boka yake cewa in maganinsa bai ci ba: kai ne ka karya sharaɗi.

A 2023 an cire tallafin man fetur, an saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta. Ina roƙon masanan da ke rubutu a jaridarku su faɗa mana tun yanzu: nan da shekara nawa, kuma kwanon masara ya kai nawa, za su amsa cewa ra'ayin ya faɗi?

Naku,
Tsohon malamin makaranta, Funtuwa