Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Majalisar Asokore Mampong Kan Yaranmu Da Ake Kullewa A Ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka. Ni malama ce a wata makarantar Islamiyya a Aboabo, kuma goggo ce ga yaron da bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba tun da aka haife shi. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ta iyaye mata ce a Aboabo, Asawase, Sawaba da Akurem, waɗanda ke biyowa wurina in an tashi karatu, su zauna su yi kukansu, su share hawaye da gefen mayafi, su koma gida su buɗe ɗakin da suka kulle ɗa a ciki.

Buƙatata ɗaya ce, kuma gara in faɗe ta tun da wuri. Majalisarka ta ware ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai riƙe wa irin waɗannan iyalai hannu. Kowane gida ya san mutum ɗaya da sunansa da lambar wayarsa, wanda zai haɗa masa asibiti da makaranta da ofishin jin daɗin jama'a, wanda kuma aka koya masa yadda ake gano abin da ke sa yaro duka, ko cizo, ko buga kai da bango.

In an ce naƙasa a taronmu, makaho da gurgu da kurma ne ke zuwa zuciyar mutane. Waɗannan suna da ƙungiyoyinsu, suna da baki, suna iya zuwa ofis su buga tebur, kuma ina taya su murna da hakan. Ni wasu nake nufi: yaro mai galahanga, wanda likitoci ke cewa otizim, yaron da fahimtarsa ta tsaya baya, wanda farfaɗiya ko sanƙarau ko wahalar haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Su ne ake cewa ɗan ruwa ne, ko aljanu ne suka shafe shi, ko kuma a ce uwarsa ce ta kasa tarbiyya. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da miliyan 2 a Gana, kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa sama, suna fama da wata lalura da ke hana su wasu ayyukan yau da kullum. Amma yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki ranar da baƙo ya shigo, da wuya ya shiga lissafin kowa.

Ba doka muka rasa ba. Dokar naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda naƙasarsa kawai, ta ce karatunsa kyauta ne, ta kuma ce a kafa cibiyoyin tantancewa a kowace gunduma don a gano lalura tun yaro yana ƙarami. A 2012 Gana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, a shekarar ce kuma aka yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846. A 2015 aka fito da manufar haɗa yara duka a aji ɗaya. Wurare ma muna da su, mu mutanen Kumasi. Makarantar Garden City ta yara masu lalurar fahimta tana cikin ƙasarka. Asibitin Komfo Anokye na nan. Cibiyar koyar da sana'a ta Edwenase na nan. Jami'ar KNUST tana da cibiyar nazarin naƙasa. Ga LEAP, tallafin kuɗi na gwamnati ga gidajen marasa ƙarfi, tun 2008, ga katin NHIS na inshorar lafiya. Kayan miya duk sun samu, mai haɗa miyar ne babu.

Wadda ke haɗawa a yau ita ce uwa, kuma ina so ka gan ta. Tana da baƙar leda da take ajiyewa ƙarƙashin katifa. A ciki akwai katin asibiti biyu ko uku, katin NHIS da wa'adinsa ya ƙare, takardar turawa da aka ninke har rubutun ya fara gogewa, da kwalin maganin da ya ƙare, wanda take nuna wa mai kemis saboda ba ta iya faɗin sunansa ba. Ta goya yaro ɗan shekara 9, ta tare pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, mai pragya ya ga yaron yana ihu ya wuce. A wani asibiti aka ce ta kawo takarda daga makaranta. A makaranta aka ce sai an tantance shi. A wurin tantancewa aka ce ta dawo wata mai zuwa. A wani ofis kuma aka ce sunansa ba ya cikin rajista. Ko'ina ta je sai ta faro labarin daga ranar naƙuda, gaban baƙin fuska, da harshen da ba nata ba. Ranar duk da ta fita, ba ta dama kokon sayarwa ba, gidan kuma ba cefane. Wata rana sai ta daina fita. Sai a rubuta cewa iyayen zango ba sa kawo yaransu.

Yanzu bari in tsaya kan maganar hali, don nan ne aka fi yi wa yaran nan rashin adalci.

Ɗan ƙanena akwai lokacin da yake buga goshinsa da bango har jini ya fito, ya ciji bayan hannunsa, ya yakushi duk wanda ya matso. Maƙwabta a gidan haya suka fara gunaguni. Wasu suka ce a ɗaure shi, wasu suka ce bulala ce ba ta ishe shi ba. Wata nas da ta taɓa aiki da irin waɗannan yara, wadda Allah ya haɗa mu da ita a wurin suna, ta ce wa uwarsa ta sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk sanda ya tashi, a rubuta abu uku: ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin nan, me aka yi masa bayan nan. 'Yar uwarsa da ke makarantar boko ce ke rubutawa. Da shafuka suka taru sai abin ya fito fili. Yawancin tashin nasa da safe ne, daidai lokacin da injin niƙa na bayan gida ke farawa. Sauran kuma bayan ya sha abu mai sanyi ne. Aka kai shi aka duba bakinsa, ashe haƙori ne ya ruɓe a can ciki. Yaron yana cikin azaba tsawon lokaci, ba shi da bakin da zai ce wayyo haƙorina.

Aka cire haƙorin. Da safe kuma kafin injin ya tashi, kakarsa ta kan ja shi zuwa ɗakinta da ke can gaba. Sai aka ɗauki hoton kofinsa, da butarsa, da tabarmarsa, da ƙofar gida a waya, aka wanke hotunan, aka manna a kwali aka rataye daidai tsayinsa. Ya ɗauki lokaci kafin ya gane, amma ranar da ya je da kansa ya ɗora yatsa kan hoton kofi, uwarsa ta durƙusa a tsakar gida tana hamdala. Bai warke ba, kuma har yau akan samu ranar da ta yi tsanani. Amma tabon goshinsa ya bushe.

Wannan shi ne aikin da nake roƙo, ranka ya daɗe. Masana sun daɗe da sanin cewa irin wannan hali ba ya zuwa haka kawai. Ko ciwo ne, na kunne ko ciki ko haƙori. Ko ƙara da cunkoso sun yi masa yawa. Ko an sauya masa abin da ya saba ba a sanar da shi ba. Ko yana son wani abu ya rasa hanyar faɗa. Ko kuma ya lura cewa sai ya yi ihu ake waiwayarsa. In an gano dalilin, sai a gyara abin da za a iya gyarawa, a koya masa wata hanyar neman abin da yake so, a rubuta tsarin a takarda ɗaya. Takardar nan ita ce za ta kasance a gida, da wurin malamin aji, da wurin nas, don kada uwa ta bi hanya ɗaya, malami ya zo da bulala ya rushe. Magani yana da wurinsa, musamman na farfaɗiya wanda bai kamata ya yanke ba ko na kwana ɗaya. Amma ƙwayar da za ta sa yaro barci wuni guda don mutanen gida su huta, wannan ba jinya ba ce.

Mu sa'a muka yi, mun haɗu da mai sani a wurin suna. Bai kamata lafiyar yaro ta dogara da wanda uwarsa ta zauna kusa da shi a taron biki ba.

Inda ba a yi wannan sa'ar ba, kai ma ka san inda ake ƙarewa. Kwaɗo a ƙofa, igiya a ƙafa, wani lokaci marin ƙarfe a gidan mai magani. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2012 kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a wuraren addu'a a ƙasar nan, kuma a 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta sanar da haramta ɗaurin. Haramcin daidai ne. Sai dai ina roƙon kada a tsaya ga zargin uwar da ta ɗaure ɗanta. Dole ta fita ta nemi abin da za a ci. Gidan yana bakin titi, ga babura, ga kwata mai zurfi, ga wutar girki a tsakar gida. In ka ce ta kwance igiyar, sai ka gaya mata wa zai zauna da shi. Ni ba na faɗa da addu'a, da ita na tashi kuma ita nake koyarwa. Malamanmu da limamanmu su ne ƙofar farko da iyaye ke bugawa, don haka a jawo su cikin aikin, su yi addu'arsu, sannan su ce wa uwa ga lambar wance, ki kira ta.

Na san za a ce ina kuɗi. Akwai kason naƙasassu a asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda ya fara daga kashi 2 cikin 100 daga baya aka ɗaga shi. A faɗin ƙasar nan mun saba ganin ana raba firiza da keken ɗinki da kekunan guragu daga wannan kaso, kuma na san gidajen da abin ya rufa wa asiri. Amma yaron da ba ya magana ba zai cike fom ba, ba zai ja keken ɗinki ba. Abin da zai amfane shi mutum ne mai sani da ke shigowa gidansu. A duba yadda za a fitar da wani abu daga kason, ko daga kuɗin shigar majalisa, don horar da ma'aikatan nan, da kuɗin motarsu, da katin waya. Ba sabon gini nake nema ba. Kuma kada a ɗora wa jami'an jin daɗin jama'a da ke nan a matsayin ƙarin kaya. Mutumin da ke sasanta rikicin ciyar da yara, yana bin biyan LEAP, yana duba wuraren renon yara, ba shi da sa'a biyu da zai zauna a tabarma yana kallon yaro ɗaya. Aikin kuwa zaman yake so.

A nemo masu jin Hausa. Uwayenmu suna ciniki da Tuwi a kasuwa lafiya lau, amma bayanin abin da ke damun ɗa sai da harshen da ake kuka da shi. A samu kuma masu jin Dagbanci da Mosanci da sauran harsunan unguwanninmu. Muna da 'ya'yan zango da suka gama karatun jinya da na aikin jin daɗin jama'a suna zaune suna jiran a tura su aiki, ga masu hidimar ƙasa duk shekara. A nemi malaman KNUST da na Garden City su horar da su. A sa mata da yawa a ciki, don akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma maganar da uwa ba za ta yi da shi ba.

Wannan ya kawo ni kan 'yan mata, kuma da nauyin baki nake faɗa. Yarinya mai irin wannan lalura tana balaga kamar kowa. Al'ada ta zo mata ba ta san mene ne ba, ta firgita, a ce haukan ya ƙaru. Mafi muni, akwai marasa tsoron Allah da suka san ba za ta iya ba da labari ba. In yarinya ta sauya hali farat ɗaya, ta ƙi shiga wani lungu, ta riƙa ɓuya in ta ga wani mutum, dole a samu wanda zai lura, wanda kuma ya san hanyar ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da ƙarar cin zarafi. Samarin su ma suna girma, su fi uwarsu ƙarfi, shekarun makaranta su wuce, a rasa inda za su. Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce, Malama, in na mutu wa zai riƙe shi? Iyalin da ke da ma'aikaci tsayayye da fayil a ofis, aƙalla an san da ɗansu, an san abin da yake so da abin da yake tsoro, an san wane ɗan uwa ne za a fara shiryawa.

A fara da unguwa ɗaya, ranka ya daɗe. 'Yan majalisa na unguwanni, da masu unguwa, da magajiyoyi, da ma'aikatan jinya masu awon jarirai sun san gidajen, in an tambaye su cikin sirri da mutunci. Kafin nan ina roƙon ka zauna da iyayen da kanka. A sa zaman bayan azahar, don da safe suna wurin sana'a. A yi shi a cikin unguwa, a wuri mai fili da inuwa, ba lasifika. A ce musu su zo da yaran, don mafi yawansu ba su da wanda za su bar wa, kuma a gaya wa masu tsaron ƙofa kada su kori kowa saboda yaronsa ya yi ihu. Ni zan bi gida-gida in sanar da waɗanda na sani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yi.

Wassalam,
Wata malamar Islamiyya,
Aboabo, Kumasi.