Wasiƙa zuwa Kumasi kan kafaɗar 'yar wajenka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya mutanen zango? Mu nan Kano sai godiya, hunturu ne dai ya shigo da ƙarfinsa.

Wallahi saƙonka na jiya ya tsaya min a rai, inda kace 'yar wajenka wata uku kenan kafaɗarta ta dama na ciwo ko ɗankwali bata iya ɗaurawa, kuma wai an baka shawara a kaita wajen mai ɗori a ja. Dan girman Allah kada ka bari kowa ya ja hannun yarinyar nan. Yarinya mai sikila ce, bata faɗi ba bata bugu ba, to me za a ɗora?

Ka tuna autanmu ai, shima SS ne. Haka nasa ya fara, da daddare in ya kwanta ta ɓangaren sai ya tashi yana riƙe da damtse, muka ce sanyin ƙashi ne, Hajiya tayi ta shafa masa man zafi da man shanu. Da abin yaƙi ci muka kaishi wajen wani mai ɗori yace targaɗe ne, ya murɗa ya ja, yaron nan yayi ƙarar da har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Daga nan sai kemis, diclofenac safe da yamma har ya fara kukan ciki, ashe kuma maganin nan in an daɗe ana sha yana taɓa ƙoda, masu sikila kuwa dama ƙodarsu a lallaɓe take.

Sai da muka je asibitin ƙashi na Dala muka gane me ke faruwa. Likitan ya zana mana a takarda, yace kan ƙashin damtse mulmulalle ne yana zaune cikin wani ɗan gurbi a allon kafaɗa, kuma ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar dashi. To jinin mai sikila kasan yana lanƙwashewa kamar lauje ya toshe hanya, in ya toshe waɗannan jijiyoyin sai wajen ya rasa jini, ƙashin ya fara mutuwa a hankali daga ciki, in aka bari har kan ya lotsa gaɓar ta lalace. Yace a ƙugu aka fi ganinsa, kafaɗa ce ke biye, kuma yana iya kama ɓangare biyun duka shi yasa ya duba ƙugunsa da ɗaya kafaɗar ma.

Abin da nake so ka riƙe shine hoton farko na eksre zai iya fitowa fes alhali ciwon na nan, namu haka ya fito. Wani hoton na daban da ake kira MRI ne ke nuna shi da wuri. Akwai tsada ban ɓoye maka ba, mu sai da 'yan uwa suka haɗa, amma gano shi da wuri shine komai, dan kafin kan ƙashin ya lotsa ana iya lallaɓawa da gashi da motsa gaɓa a hannun masana, a daina ɗaukar kaya masu nauyi, wani lokaci a yi ƙaramin aiki a huda ƙashin dan a rage matsi jini ya samu hanya. In ya riga ya lotsa kuwa maganar canjin gaɓa ake da ta ƙarfe. Autanmu Allah ya taimake shi bai kai nan ba, yanzu yana ɗaga hannu yayi kabbara ba tare da ya cije baki ba.

Wani abu kuma, ka bincika ko tana shan dexamethasone ko prednisolone, irin wanda 'yan mata ke sha dan ƙiba, shima daɗewa ana shansa na kawo wannan mutuwar ƙashin ko ga wanda bashi da sikila.

Kuna da asibitin Komfo Anokye a kusa, suna da sashen masu sikila, ka kaita cikin satin nan kace a haɗa ku da likitan ƙashi. Ta yawaita shan ruwa, a rufe mata jiki da asuba. In kuɗin hoton ya gagara ka faɗa min kada kaji nauyi.

Ka gaida maman yara, kace Hajiya na yiwa yarinyar sannu da jiki. Allah ya bata lafiya. Ina jiran wayarka da zarar kun fito daga wajen likita.

Naka,
abokinka na Kano